Bijimin Kwamiti da Surukin Jibo

A shekarar 1962 aka kawo bijimin Karofi a bayan babbar mota, yana tsaye, ja wur da shi, gajeren ƙaho, ga tozo kamar an kifa tulu. Tare da shi aka kawo Malam Enoch, malamin dabbobi, da matarsa Salomi, da 'yarsu Roda, da keken ɗinki. Mutanen gari suka kewaye bijimin suna tubarkalla. Enoch kuwa shi ya sauke kayansa da kansa.

Abin da ya kawo su shi ne Shirin Kyautata Garke. Wasu masu ilmi sun zauna a Kaduna sun gano cewa shanun talakawa ba su da nono da nama yadda ya kamata, kuma laifin na iyayensu maza ne. Maganin shi ne a ajiye bijimi mai asali a ƙauye, makiyaya su riƙa kawo shanunsu ana barbara, a sami jajayen maruƙa masu auki. Don kada a ce an yi wa talakawa alheri ba da shawararsu ba, sai aka kafa wa shirin kwamiti hawa huɗu: na Jiha, na Lardi, na Gunduma a Dutsin-Ma, da na ƙauye a Karofi. Bijimin mallakar kwamitin Jiha ne. Angurya da dusa da kanwar da zai ci, na Lardi ne. Shinge da rumfa na Gunduma. Ruwan sha da kwashe kashi na ƙauye. Enoch kuma, da aka duba, ba a tabbatar ko na wane ne ba, sai dai kowane hawa yana da ikon korarsa.

An ma gaya masa ranar. In shekara biyu ta cika ba a ga jan maraƙi ba, za a rufe tashar, a sallami malaminta. Salomi ta ji wannan tana ɗaura kan keke a ƙafarsa.

"Baban Roda, na gaji da kwance keken nan," in ji ta. "Tun da ka auro ni, ba garin da muka zauna har na san inda ake sayar da zare mai kyau. Wannan karon in aka kore ka, ba wani gari za mu ba, gida za mu, kuma ka san ba abin da muka bari a can. Ka lallaɓa bijimin nan."

Ƙa'idar aikin ma hawa-hawa ta sauko. Kwamitin Jiha ya ce a riƙa ƙidaya duk barbarar da aka yi. Kwamitin Lardi, wanda ya san halin malamai wajen ƙidaya, ya ƙara da cewa sai da shaida. Kwamitin Gunduma, wanda ya san halin shaidu, ya ce shaidar nan shugaban kwamitin ƙauye ne da kansa, ya gani da idonsa, mai saniya na tsaye gefensa, sannan su biyun su dangwala yatsa a takarda ɗaya. Kwamitin ƙauye ya rasa abin da zai ƙara, ga shi ba ya so a ce bai yi komai ba, sai ya yanke shawarar a kafa shingen a ƙofar gidan shugaban, don a rage wa dattijo tafiya.

Shugaban shi ne Malam Mahmuda, dattijo mai farin gemu, manomin dawa da wake, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kullum da hantsi yakan shimfiɗa buzunsa gindin shingen, ya ajiye tawada da takarda a gefe, ya ɗauki carbi. Enoch ya zauna a kujera. Bijimin ya kwanta yana tuƙa. Haka za su yi su uku har azahar, sannan a tashi daga aiki.

Ba a kawo saniya ko ɗaya ba.

Mutanen Karofi suka sa wa bijimin suna Memba, saboda ba ya fashin zama, ba ya magana, kuma ba a taɓa mantawa da abincinsa ba.

Shanu kuwa ba rasa su aka yi ba. Da an gama girbi garken Jibo kan sauko gonakin Karofi cin kara da harawa, farare sol, har sai damina ta faɗi, sannan ya koma da su Ɗantutture, cikin gundumar Kurfi, inda yake da fili ba sa shiga shukar kowa. Sauran makiyayan yankin Jibo suke kallo. Inda ya sa ƙafa, nan suke sawa. Enoch ya je rugarsa ya fi a ƙirga.

"Jibo, ka ga bijimin nan kuwa?"

"Na hango shi, Likita. Tubarkalla, masha Allah."

"To me ya hana ka kawo ko karsana ɗaya?"

"Za a kawo, in Allah ya yarda."

"Yaushe?"

"Ai sai ka sha nono tukuna."

Enoch ya sha nono. Ya sha nonon rugar Jibo har wandonsa ya fara matse shi, amma bai ga karsana ba.

Rahoto ya riƙa hawa sama babu komai a ciki, bayani kuma ya riƙa saukowa, kowane hawa da nasa. Kwamitin Gunduma ya ce shingen ne ba shi da kwarjini, aka zo aka shafa masa farar ƙasa. Kwamitin Lardi ya ce makiyaya na tsoron ƙidaya ne saboda jangali, aka aiko mota mai lasifika ta zagaya rugage tana rantsuwa cewa babu ruwan Memba da jangali. Makiyayan da ba su taɓa wannan tunanin ba suka kwashi shanunsu suka shige daji, sai da ƙurar motar ta kwanta suka dawo. Kwamitin Jiha ya ce jama'a na bukatar wayar da kai, aka aiko manyan hotuna na bijimi da saniya da ɗan maraƙi a tsakaninsu, aka manna a bangon zauren Malam Mahmuda. Daga ranar dattijon ya riƙa shiga gidansa kansa a sunkuye.

Shekara ta farko ta tafi a haka. An yi girbi na biyu, shanu sun dawo gonaki, ranar nan Gogo, mahaifiyar Jibo, ta kawo wa Salomi nono da man shanu, ta zauna a tabarma tana jiran a gama mata riga.

"Gogo, ɗanki zai sa a kore mu daga garin nan," in ji Salomi, ƙafarta na kan keke.

"Subhanallahi! Jibo? Me ya yi muku?"

"Abin da bai yi ba dai. Ga bijimi kyauta, ga shanu, amma ya ƙi haɗa su. Ko raina Baban Roda ya yi?"

Gogo ta duba hagu, ta duba dama, ta matso.

"Maman Roda, ke baƙuwa ce, shi ya sa. Matar Jibo, Zinariya, kin san 'yar wa ce?"

"Ina zan sani?"

"'Yar Malam ce. Mai buzun. 'Yarsa ta fari ma kuwa."

"To sai me?"

"Sai me! Yaron da in ya hango surukinsa a hanya sai ya cire takalmi ya faɗa gonar mutane, shi ne zai ja saniya har ƙofar gidansa, su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon..." Ta rufe bakinta da gefen zane. "Sannan wai su dangwala yatsa su ce sun gani. Ke, ko yanka shi za a yi!"

Keken ya tsaya. Salomi ta yi dariya har ta dafa bango.

"Shi Malam ɗin ya sani?"

"Me kike tsammani yake roƙo da carbin nan tun hantsi? Allah ya sa kada kowa ya zo."

"To shekara guda, a rasa mai faɗa?"

"Wa zai faɗa? Ai faɗar ma abin kunya ce. Ni ma ban faɗa miki ba. Rage mini hannun rigar nan, ya yi tsawo."

Washegari Enoch ya hau kekensa zuwa Dutsin-Ma wurin Julius, akawun kwamitin Gunduma, wanda suke zuwa coci ɗaya. Ya same shi yana ɓarar gyaɗa a kan tebur, tafireta na gefe an lulluɓe ta da ƙyalle. Ya kwashe labari ya gaya masa.

"Abin mai sauƙi ne," in ji Enoch. "A gyara ƙa'idar. A ce kowane dattijo zai iya zama shaida."

"Madalla. Rubuta dalili."

"Dalili kuma?"

"Ba a taɓa ƙa'ida sai da dalili a rubuce. Ka rubuta cewa mai shanu na jin kunyar surukinsa. Ni in buga, in tashi in karanta a gaban kwamiti, waɗanda rabinsu surukan juna ne. In sun farfaɗo su tura Lardi. Lardi su ce wannan maganar al'ada ce, ta fi ƙarfinsu, su tura Jiha. Jiha su kafa ƙaramin kwamitin bincike kan surukuta. Kafin su gama Memba ya zubar da haƙora, kai kuma kana garinku kana noman acca. Kuma kafin a zartar, dole takardar ta dawo Karofi a ji ra'ayin shugaban ƙauye. Wa zai karanta masa? Kai?"

Julius ya tura wa Enoch gyaɗa.

"Ɗan'uwa, na daɗe a teburin nan. Ban taɓa ganin ƙa'ida ta hau sama ba, saukowa kawai take yi. Mutum ne ke hawa. Akwai kujerar wakilin ƙauyuka a kwamitinmu, tun bara ba kowa a kanta. Kuma kwamitin Jiha ya hana mutum ɗaya zama a hawa biyu. In dattijonka ya zo nan, dole ya saki Karofi."

"Me zan ce ya yi da za a ɗaga shi?"

"Ya taɓa fashin zama?"

"A'a."

"Ya taɓa kawo ƙara, ko ya nemi wani abu?"

"Ko sau ɗaya."

"An taɓa samun kuskure a ƙidayarsa?"

"Ai ba abin da ya ƙidaya."

"To ka gani. Irinsa ake nema a sama."

A duk tarihin Shirin Kyautata Garke, ba abin da ya ratsa hawa huɗu da sauri kamar ƙarin girman Malam Mahmuda. Ranar da aka gaya masa, ya naɗe buzunsa a hankali, ya riƙe hannun Enoch ya daɗe bai saki ba.

"Malam," in ji shi, "Allah ya rufa maka asiri." Ya duba bijimin, ya duba hotunan bangonsa, ya ƙara da cewa, "Allah dai ya rufa maka asiri."

Kujerar Karofi ta faɗa hannun Ummaru mai tebur, don shi kaɗai ne a kwamitin ya gama ajin Yaƙi da Jahilci. Ummaru ɗan kawun Jibo ne, wato taubashinsa, kuma tsakanin taubasai babu maganar da ba a faɗa. Shingen dai bai motsa ba, domin na Gunduma ne. Amma ranar zaman kwamiti Malam Mahmuda tun da sassafe yake kama hanyar Dutsin-Ma, sauran ranakun kuma sai ya gano cewa gonarsa ta nesa tana bukatarsa ƙwarai, ko da yake an riga an girbe ta.

Ranar zaman dattijon na farko a Dutsin-Ma, rana ba ta yi zafi ba sai ga Jibo da karsana uku, sanda a kafaɗa. Ummaru na tsaye da alƙalami a bayan kunne.

"Kai bawana, sai yau ka ga dama? Durƙusa ka gai da shugaba."

"Shugaban me? Na bijimi? Ai ya fi ka tozo, ya fi ka asali. Shi an san ubansa har Kaduna."

"Likita, rubuta, ya zagi hukuma."

"Rubuta da kanka mana. Ko ajin naku bai kai nan ba?"

Enoch bai ji su ba. Ya buɗe shingen, aka shigar da karsanan. Memba na kwance. Ya ɗaga kai ya dube su yadda ake duban magana ta ƙarshe a zaman da ya yi tsawo, ya mayar da kai ya ci gaba da tuƙa. Shekara guda ta angurya da zama ta yi aikinta.

Enoch ya ja igiya. Ya buga masa cinya. Ya yi masa magana da Hausa, ya yi masa da Turanci, ya yi masa da harshen garinsu. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Likita," in ji Jibo cikin ladabi, "anya ba a riƙe wani abu nasa a Kaduna ba?"

"Izini yake jira a rubuce," in ji Ummaru. "Ba irin naku ba ne na daji, da ba su san doka ba."

Ana cikin haka sai farin bijimin Jibo, wanda ya biyo karsanan aka tsare shi a waje, ya sa ƙaho a shingen Gunduma, ya tona ƙasa da kofato, ya yi wani irin kuka da ya tashi kajin unguwa. Memba ya daina tuƙa. Ya miƙe da ƙafafun baya, ya miƙe da na gaba, ya girgiza tozo. Kamar yawancin membobi, bai taɓa damuwa da kujerarsa ba sai da ya ga wani na nemanta.

Shugaba ya gani da idonsa, mai shanu na tsaye gefensa, yadda ƙa'ida ta ce. Ummaru ya kama babban yatsan Jibo ya tsoma a tawada, ya dangwala a takarda, sauran ya shafa masa a hanci. Kafin mako ya zagayo, makiyaya na layi a ƙofar gidan Malam Mahmuda, shi kuwa yana can yana duba gonar da ba komai a cikinta.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, garken Jibo da na sauran suka koma Ɗantutture. Wajen tsakiyar damina Gogo ta aiko a gaya wa Maman Roda shanu sun fara haihuwa. Enoch ya tura kekensa cikin taɓo har can. Ya tarar da maruƙan a ɗaure jere a igiya, jajaye tsakanin farare, gajerun fuska, kowanne da ɗan tozonsa, ba mai bukatar a gaya masa ɗan wane ne. Ya durƙusa ya shafa ɗaya. Daga nan bai bi ta gida ba, ya wuce Dutsin-Ma.

"A ina suka faɗo?" in ji Julius.

"Ɗantutture."

Julius ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"Kurfi ke nan. Ba namu ba ne."

"Uban namu ne!"

"Shirin bai ce a ƙidaya uba ba. Maraƙi na gundumar da ya faɗo ne."

"To takardun yatsa fa? Ummaru ya kusa ƙarar da tawada."

"Sun tafi Lardi wurin mai ƙidayar barbara. Maruƙa kuma wurin mai ƙidayar haihuwa suke zuwa. Ɗakunansu na kallon juna, amma tun rigimar da suka yi kan kabad ba sa gaisawa."

"Mu rubuta wa Kurfi su faɗi gaskiya."

"Gunduma ba ta rubuta wa gunduma, ɗan'uwa. Sai ta Lardi. In ka matsa, zan buga yau. Amsa tana zuwa lokacin da maruƙan suka fara haihuwa."

Ita gundumar Kurfi tana da nata kwamitin tun farkon shirin, sai dai bijimin da ta nema bai taɓa isowa ba. Shekara biyu akawunsu na tura rahoto babu komai. Da ya ga jajayen maruƙa a ƙasarsu, sai ya ƙidaya su tsakani da Allah ya tura.

Kwamitin Jiha ya zauna da rahoto biyu a gabansa. Dutsin-Ma tana da bijimi, da malami, da shinge mai farar ƙasa, ba maraƙi. Kurfi ba bijimi, ba malami, ba shinge, ga maruƙa. Mutanen nan masu ilmi ne, ba su ɓata lokaci ba. Suka yanke cewa shirin ya fi yin albarka inda ba a dame shi da bijimi ba. A rufe tashar Karofi, a sallami malaminta ƙarshen wata, bijimin kuma kwamitin Gunduma ya san yadda zai yi da shi.

Salomi ta ɗauko igiya ta fara ɗaure tukwane. Ta kwance kan keken ta naɗe shi cikin tsohon zane, Enoch na zaune a ƙofar ɗaki yana kallon ƙasa.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, wani dogon mutum ya tsayar da babur a ƙofar gidan, ya yi sallama. Malam Dada ne, shugaban kwamitin Kurfi. Kana ganinsa ka san yabo ya hana shi barci. An aiko masa da takardar jinjina, an umarce shi ya ninka maruƙan baɗi, an ce baƙi za su riƙa zuwa daga wasu lardunan koyon dabararsa, an kuma ba shi gurbin malami guda da zai kula da ita.

"Malam Enoch," in ji shi bayan sun gaisa, "ni na yi kiwo tun ina yaro, kuma ina da 'ya'ya. Na san ba a samun jan maraƙi daga rahoto."

"To, ranka ya daɗe, me ya sa ba ka gaya musu ba?"

"Na fara. Suka ce tawali'u ne ya yi mini yawa, suka tafa mini. Yanzu dai gurbin nan naka ne in kana so. Ni maruƙa nake nema baɗi, ban damu da sunan da za a kira abin ba."

"Akwai gida?" Muryar Salomi ce daga cikin ɗaki.

"Akwai, uwargida."

"Ba ya yoyo?"

"Ɗaki ɗaya ba ya yi."

"Nan za a sa keke."

Enoch ya shafa kai. "Ranka ya daɗe, in ba Memba, ba maruƙa, in ba maruƙa kuma baɗi war haka ni da kai duk muna waje. Ga shi gobe kwamitin Dutsin-Ma zai zauna a kansa. Mahauta ma sun riga sun zo sun shafa shi, sun tafi suna murmushi."

Malam Dada ya ce ba shi da bakin magana a kwamitin wata gunduma, sai ta Lardi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi yana salati.

Washegari Enoch ya zauna a bencin baya na ɗakin taro, inda ake ajiye waɗanda maganar ta shafa amma ba a ba su izinin yin ta ba. Wani ya ce a sayar wa mahauta. Wani ya ce ai wakilan Lardi na zuwa rufe tashar, kuma ba a tarbar manyan baƙi hannu rabbana, gara a yanka musu shi, tun da dai su suka ciyar da shi. Wannan shawarar ta yi wa kowa daɗi. Shugaban zaman ya ɗaga hannu zai rufe magana, sai aka ji gyaran murya daga kujerar wakilin ƙauyuka.

Kowa ya juya. Tun da aka kawo Malam Mahmuda kwamitin, ba wanda ya san yadda muryarsa take.

"Allah ya ba shugaba nasara," in ji shi. "Dabbar nan na zauna da ita shekara guda, ni da ita, kullum. Ba ta taɓa sa ni jin kunya ba. Ban so a yanka ta. A ba da ita kiwo."

"To, Malam, a ba wa?"

Dattijon ya dubi tabarmar ɗakin.

"Akwai wani... mutumin nan."

"Wane mutum?"

"Na wajen rafi." Ya ja carbi ɗaya. "Wancan dai."

Rabin 'yan kwamitin suna da 'ya'ya mata a gidajen mutane, sauran rabin kuma su ne mutanen. Kowa ya gane, kowa ya sunkuyar da kai. Ba a haifi wanda zai tilasta wa dattijo ya ambaci sunan mijin 'yarsa ta fari a bainar jama'a ba, kuma ba wanda zai ambata masa yana zaune. Mai shawarar yanka ya buɗe baki, ya duba farin gemun, ya rufe.

"An amince," in ji shugaba da sauri. "Akawu, rubuta."

Julius ya rubuta cewa an ba wancan mutumin kiwon bijimi. Takardar ta hau Lardi, Lardi suka ga maganar ta Gunduma ce, suka tura Jiha. Jiha suka ga Lardi ba su yi tambaya ba, suka soke sunan bijimin daga kayan shirin. Tun da yammar ranar zaman kuwa Jibo ya zo ya kwance shi, bayan ya aiki Ummaru ya tabbatar masa cewa mai gidan bai dawo ba.

Enoch ya koma Kurfi da muƙamin Malamin Kyautata Garke Ba Tare da Bijimi Ba. Salomi ta ɗaura kan keke a ɗakin da ba ya yoyo, ta sa aka kafe ƙafafunsa da ƙusa. Damina ta zagayo, jajayen maruƙa suka ninka, yadda aka umarta. Baƙi suka fara zuwa da motoci da littattafan rubutu. Duk ranar da za su zo, Jibo kan kora Memba ya ƙetare da shi iyaka tun da safe, ya bar shi yana kiwo a ƙasar Dutsin-Ma har su tafi.

Wani babban baƙo daga kwamitin Jiha ya tsaya gaban igiyar maruƙa a Ɗantutture, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Malam Enoch, a taƙaice, mene ne sirrin?"

"Haɗin kai ne, ranka ya daɗe. Kowane hawa ya yi nasa."

Baƙon ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Daga can nesa, bayan gonaki, wani kuka mai kauri ya taso, maruƙan duka suka ɗaga kunne.

"Wannan fa?" in ji baƙon.

"Na Dutsin-Ma ne," in ji Malam Dada. "Can har yanzu da bijimi suke yi."